Ruwa na Uku

Litinin, 4 ga Agusta, bayan La'asar

Jiya da hantsi aka tafi da jikata Mukarrama asibiti a Zariya. Ubanta Sa'idu ne ya zo da mota. Shi da ƙanwarsa Talatu suka fito da ita, ɗaya a dama ɗaya a hagu, babu takalmi, domin ƙafafun sun kumbura sun ƙi shiga. Na tsaya a zaure na ce, "Amarya, yaji za ki yi mini?" Ta ce, "Na gaji da miji marar haƙori. Zan je in zaɓi saurayi a cikin likitoci." Muka yi dariya, ni da ita. Sa'idu bai yi ba.

Tana shekara uku muka karɓe ta riƙo, ni da matata marigayiya Zulai. A gidan nan na Hunkuyi ta yi wayo, a jikin rumbun can na koya mata sunayen sinadarai da gawayi. Yanzu tana digiri na uku. Bayan babbar Sallah ta dawo wurina don ta rubuta bincikenta inda babu hayaniya.

Na ce zan bi su. Sa'idu ya ce, "Baba, ku zauna. Kwana biyu ne."

Talata, hantsi

Na kira Sa'idu. Da sauƙi, in ji shi.

Laraba, bayan La'asar

Wannan lokacin namu ne. Takan shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro ta ce, "Ɗalibi, zauna." Yau na zauna ni kaɗai. Bari in rubuta abin da ta koya mini kafin ya zube, domin kaina ya zama kwando.

Na koyar da kimiyyar sinadarai a Makarfi, sannan a Ikara, har na yi ritaya. Abin da aka koya mini tun ina saurayi shi na koyar: in ka zuba asid a kan ƙarfen da ke riƙe da haidirojin, iska za ta tashi ta fice, shi ke nan. Ruwan da ake narkar da su a ciki kuwa, mun ɗauke shi kamar kwano. Wa yake tambayar kwano? Ranar da na faɗa mata haka, har ƙwalla ta yi don dariya. Ta ce, "Tsoho, ai kwanon ne yake yanke maganar."

Ga yadda ta ce. Akwai ƙarafa irin su rutiniyam da ake ɗaura wa haidirojin ɗaya a jiki. Asid kuma yana zuwa da nasa haidirojin, tsirara, wanda muke kira furoton. Ba nan take yake tsallakawa ba. Da fari su biyun sukan matso su jingina da juna, haidirojin da haidirojin, babu wanda ya saki nasa. A ruwa na farko, hekzen, mai kama da kananzir, nan maganar take tsayawa. A ruwa na biyu, mai kulorin, furoton yakan tsallaka ya koma jikin ƙarfe, musamman in an sanyaya ruwan sosai. Dalili: in ya tsallaka, abubuwa biyu masu caji ake haifarwa, kuma ruwa na biyu ya iya kewaye su ya tallafe su. Hekzen bai iya ba.

Wannan na gane. Amma ranar Juma'ar da ta wuce ta bar mini tambaya. Akwai ruwa na uku, wanda suke kira Ti-Ec-Ef. Wajen tallafar caji bai yi nisa da na biyu ba. Duk da haka a cikinsa tsallakawar tana raguwa ƙwarai. Me ya sa?

Ta ce in ban amsa ba, sai na sake ta.

Alhamis, bayan Azahar

Talatu tana zuwa kullum daga gidan mijinta a Likoro da tuwo a kwanon sha. Yau ta kawo har da dafaffiyar masara sabuwa, ta manta ba ni da abin tauna ta. Na tambaye ta. Ta ce da sauƙi, tana kallon murfin kwano.

Juma'a, da yamma

An yi ruwa tun kafin a sauko daga masallaci. Ban je ba, gwiwa.

Kwamfutarta tana ɗakinta a kunne, ta lulluɓe ta da ɗankwali saboda yoyo. Ta ce wani lissafi take yi wanda zai ɗauki kwanaki, kada kowa ya taɓa. Ina jin ƙugin ta daga ɗakina. Nakan je in tsaya a ƙofa.

Asabar, hantsi

Alhamdu lillahi, na ji muryarta. Ta aiko saƙon murya a babbar wayar Talatu. Ta ce:

"Maigidana, kana nan ko ka yi sabuwar amarya? Likitocin nan duk yara ne, babu na aure. Ina amsata? Kada ka ce ka manta."

Na sa Talatu ta maimaita mini har ta gaji. Sannan ta danna, na yi magana. Na ce ruwa na uku ya ɗan gaza na biyu ƙarfi, shi ya sa. Kafin Talatu ta gama wanke kwanuka amsa ta dawo: "Ka faɗi. Ɗan bambancin nan bai isa ba. Kai da ka yi ta ba 'ya'yan mutane sifili, yau ga naka."

Na ci tuwo da yawa yau.

Lahadi, bayan Magariba

Da sauƙi.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan La'asar

Kwana biyun Sa'idu sun wuce tuni.

Daga nan zuwa Zariya ba tafiya ba ce. Lokacin da nake da ƙarfi a keke nake zuwa in dawo kafin Azahar. Na ce wa Sa'idu a waya ya turo a ɗauke ni in duba ta. Ya ce, "Baba, akwai hawa bene, ga zuciyarku. Ku bari a sallame ta." Na ce yaushe? Ya ce suna jiran likita.

Mu Hausawa ba mu da wata amsa a kan marar lafiya sai guda ɗaya. Mai mura da sauƙi, wanda ake ɗiga wa ruwa a baki da cokali shi ma da sauƙi. Na san ladabi ne, na san tawakkali ne, ban ce a daina ba. Amma na yi rayuwata ina koya wa yara cewa ma'aunin da ke nuna abu ɗaya kullum ba ma'auni ba ne. Yanzu ga ni a zaune, kowa ya shigo sai ya miƙo mini shi.

Talata, hantsi

Hadari ya rufe sama tun shekaranjiya, batirin sola bai samu rana ba. Da asuba na daina jin ƙugin kwamfutar. Na shiga na ɗaga ɗankwalin, fuskarta baƙi ƙirin. Ban san ko lissafin ya gama ba. Ban san yadda zan gaya mata ba.

Ɗankwalin yana ƙamshin man da take shafawa. Na mayar da shi yadda yake.

Laraba, bayan Azahar

Saƙo na uku. Gajere ne.

"Tsoho, in taimake ka? Ka daina kallon ƙarfen. Kalli ruwan."

Abin da ta faɗa ke nan, amma ba shi na saurara ba. Tsakanin "ƙarfen" da "kalli" ta tsaya ta ja numfashi. A saƙon Asabar ba ta tsaya ba. Akwai kuma wani abu a bayanta yana ƙara, ɗil, ɗil, ɗil. Na ce wa Talatu mene ne wannan? Ta ce, "Agogo ne, Baba." Na ce wane irin agogo? Ta ce za ta duba tukunya. Babu tukunya a wuta.

Alhamis, da safe

Ban yi tunanin ruwa na uku ba. Ƙarya ne, na yi. In ban yi shi ba, ɗayan tunanin ne yake zuwa.

Juma'a, bayan La'asar

Na yi abin kunya yau.

Na sa farar rigata, na ɗauki sanda, na ce zan fita bakin titi in hau motar Zariya. Na wuce masallacin unguwa, na wuce masu niƙa. Wajen rumfunan hatsi ƙasa ta juya. Ban faɗi ba, zama na yi, sai dai a cikin taɓo na zauna.

Hamisu ne ya ɗaga ni, maƙwabcina dillalin masara. Ɗalibina ne a Ikara, bai taɓa cin jarrabawata ba, bai kuma taɓa riƙe ni da ita ba. Ya ce, "Baba Malam, ina zuwa haka da rigar Idi?" Na ce Zariya. Na ce, "Kai da kake kai buhu Zariya kullum a akori-kurarka, ni ban kai buhu ɗaya ba?" Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya ce, "Wallahi ko yanzu sai in ɗauke ku. Amma Alhaji Sa'idu ya roƙe ni. Ya ce duk wanda ya kai ku..." Bai ƙarasa ba.

Ashe har an bi maƙwabta an gaya musu.

Ya goyo ni zuwa gida kamar yaro, mutanen kasuwa suna yi mini sannu. Ya wanke mini ƙafa a bakin rijiya. Na ce masa ya tafi.

Asabar

Ban tashi ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan Azahar

Sa'idu ya zo da kansa, labari ya kai masa. Ya rame, gemunsa ya yi fari a gefe, ban lura ba sai yau. Ya durƙusa ya gaishe ni, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar damina. Na bar shi ya gama.

Ban ce yaya jikinta ba. Na ce, "Tana tashi zaune da kanta?"

Ya ce, "Ana taimaka mata."

Na ce, "Tana cin abinci da hannunta?"

Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Injin da ake sa mata, kullum ne ko jefi-jefi?"

Ya ɗago ya dube ni, domin bai san na san da inji ba. Ni ma ban sani ba sai da ya ɗago.

Na ce, "Sa'idu, ni na haife ka. Wane laifi na yi maka da za ka bar ni in ji a bakin masu gaisuwa?"

Sai ya kifa kansa a kan tabarma, yana kuka. Babban mutum, mai 'ya'ya har da suruki. Ya ce, "Baba, ba ni ba ne. Ita ce. Ta sa na yi mata alkawari. Ta ce kun ga ƙarshen Inna Zulai a gadon asibiti, kun yi shekara ba ku dawo daidai ba. Ta ce kada a kawo ku ku gan ta a haka. Ta ce ku riƙe ta yadda ta fita daga gidan nan."

Yadda ta fita daga gidan nan. Babu takalmi.

Ya zauna har aka kira La'asar, ya ja ni salla a zaune, ya koma.

Litinin, hantsi

Yarinyar da na goya. Ita ce take kare ni.

Litinin, bayan La'asar

Na yi fushi da ita yau, fushi na gaske, har na yi magana ni kaɗai a tsakar gida. Wa ya ce mata nata ne ta yanke? Sannan na tuna tana can tana jan numfashi tsakanin kalma da kalma don ta yi mini wasa, sai fushin ya rasa wurin zama.

Na ɗauko gawayi na je jikin rumbu. Ta ce in kalli ruwan, to na zana ruwan. Hekzen: sarƙa ce kawai, babu abin kamawa. Na biyu: kulorin biyu. Na uku: zobe mai kusurwa biyar. Zoben ya fito kamar ƙosai. Na tsaya a kusurwa ta biyar, inda oksijin yake zaune.

Na daɗe a tsaye, har Talatu ta leƙo ta ce, "Baba, lafiya?"

Oksijin. Shi ma yana son furoton. Asid yana shiga ruwan nan, tun kafin ya ga ƙarfe, ruwan da kansa ya riƙe masa hannu. Ƙarfen ɗaya ne a cikin dubu, ruwan kuwa ko'ina shi ne. Ba tallafar caji ce ta gaza ba. Asid ɗin ne ba ya isowa, an tare shi a hanya.

Abu mai sauƙi haka. Da ina da shekara talatin da na gan shi a zama ɗaya. Na ji daɗi kamar yaro, na juya zan kira ta.

Talata, da safe

Na san abin da zan yi. Allah ya yafe mini, wayo zan yi wa marar lafiya.

Da Talatu ta zo na ce ta danna. Na ce:

"Amarya, na samu amsarki, kuma daidai ce, ko rantsuwa zan iya yi. Amma ni tsohon malami ne. Ban taɓa karɓar amsar jarrabawa ta waya ba, ba kuma zan bayar ta waya ba. Ɗalibi gaban malaminsa yake tsayawa. In kina so ki ji, ki aiko a ɗauko ni. In ba kya so, shi ke nan, sai in tafi da ita kabarina, ki yi ta zama da miji daƙiƙi."

Talatu ta ce, "Baba, in tura haka?" Na ce tura.

Talata, bayan Magariba

Alama ta nuna an saurara, in ji Talatu. Babu amsa.

Laraba, bayan Azahar

Babu.

Wataƙila na yi kuskure. Wataƙila na ɗora mata abin da ba za ta iya ɗauka ba. Ambaton kabari kuma, me ya kai bakina?

Alhamis, 21 ga Agusta, hantsi

Talatu ta shigo da gudu, mayafi a hannu. Muryar ta yi ƙasa sosai, sai da na manna wayar a kunne.

"Tsoho mai wayo. Ku kawo shi. Ku sa masa hular kirki."

Juma'a, bayan Magariba

Na gan ta.

Hamisu ne ya kai ni, ya shimfiɗa bargo a gaban mota, yana tafiya a hankali har masu babur suna zaginsa. Masara ta yi goyo hagu da dama, rake ya fi mutum tsawo. Benen gaskiya ne, akwai shi. Hamisu da Sa'idu suka ɗaga ni a kujera.

Ba zan rubuta yadda take ba. Ta roƙi kada in gani, na gani, ba zan kuma ajiye shi a takarda ba.

Mahaifiyarta ta tashi ta ba ni wuri. Mukarrama ta buɗe ido ta dube ni tun daga ƙasa har sama. Ta ce, "Wannan ce hular kirkin?" Na ce ita na sa ranar ɗaurin aurena da kakarki. Ta ce, "Shi ya sa."

Na ce, "Malama, in fara?" Ta ɗaga yatsa.

Na miƙe tsaye, na dafa ƙarfen gado. Na faɗa mata duka, tun daga hekzen. Wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya da tire a hannu tana kallonmu. Da na zo kan oksijin na ga gefen bakinta ya motsa. Na gama. Idonta a rufe, na ɗauka barci ya ɗauke ta.

Ta ce, "Sai yanzu?"

Na ce, "Na ci?"

Ta ce, "Ka ci. Auren yana nan."

Na gaya mata maganar kwamfuta, domin ba na son in zama cikin masu ɓoye mata abu. Ta ce, "Bar ta. Tana ajiye inda ta tsaya." Ban sani ba ko gaskiya ne, ko ita ma da sauƙi take ce mini.

Can ta ce, "Kaka." Rabon da ta kira ni Kaka tun tana firamare. "Kaka, ƙafata sanyi."

Na ja kujera zuwa ƙarshen gado, na sa hannu a ƙarƙashin bargo na riƙe su. Hannuwana ba su da wani ɗumi, hannun tsoho ne, amma ta ce haka ya yi. Na riƙe har aka kira La'asar, na yi salla a nan a zaune, na koma na riƙe. Da aka ce masu dubiya su fita, Sa'idu ne ya zare mini hannu, yatsa ɗaya bayan ɗaya, domin sun ƙage.

Asabar, hantsi

Jikina duk ciwo. Na ce wa Hamisu ranar Litinin ma za mu koma. Ya ce ko kullum ne.

Lahadi, bayan La'asar

Ba ta farka ba yau, in ji Sa'idu. Haka ya faɗa, da waɗannan kalmomin. Na gode masa.

Litinin, 25 ga Agusta

Na sa riga tun da sassafe ina jiran Hamisu. Motar da ta tsaya a ƙofa ba tasa ba ce.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Talata, da yamma

Jiya kafin Azahar aka yi jana'izar. Na ce a nan za a yi mata sutura, a gidan da ta tashi, Sa'idu bai musa ba. An yi salla a ƙofar gida, an ajiye mini kujera a sahun gaba.

Da aka ɗauki makara na miƙe zan bi. Ƙafafuna suka kai ni bakin kwata, nan suka tsaya. Hamisu ya ce zai goya ni. Na ce a'a, je ka, ka sa kafaɗarka a wurin tawa. Na tsaya ina kallon bayansu har suka sha kwanar masu niƙa. Sai na koma zaure na zauna a cikin tabarmi, namiji ni kaɗai a gidan, ina jin matan ta bayan bango.

Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji takun mutane suna dawowa. Sa'idu ya shigo ya durƙusa a gabana. Shi ya shiga kabarin ya kwantar da ita. Gwiwoyin wandonsa duk ƙasa ce, ja, jiƙaƙƙiya da ruwan shekaranjiya.

Na miƙa hannu na dafa ƙasar. Ya tsaya yadda yake, bai motsa ba, har na ɗauke hannuna da kaina.